Taken da Baba Bai Amsa Ba

Ni dai tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya in ana kiɗa. Shi ya sa na ƙare ina bin gidajen biki daga Bagudo zuwa Kaoje da sifika da makirfo, ina rera waƙoƙin fim da na Dandawa da nake kwasowa a waya. Baba bai taɓa kiran wannan abu kiɗa ba, hayaniya yake ce masa. A wurinsa kiɗa shi ne gangar noma. Ranar gayya kowane ƙaton manomi da takensa: makaɗi ya buga, mai take ya yi kuwwa, ya duƙa da garma. Duk garinmu Geza an san taken Baba. Ni kuwa ko ɗaya ba ni da shi, na mutane nake ara.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, sai ya rage magana, ya rage cin abinci. Na kasa zaune na kasa tsaye. In shiga ɗakinsa, in fito, in koma. Wata safiya na hau babur na tsallaka cikin ƙasar Benin, inda tsohon makaɗinsa ya koma zama wurin ɗiyarsa.

Na same shi yana ɓarar gyaɗa a inuwa. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, taken Baba nake so ku buga in ɗauka a waya, ko ransa zai yi sanyi."

Ya ce, "Yana iya tashi?"

"A'a."

"To, ɗana, take ba waƙa ba ce. Kira ne."

Ni kuma akwai naci, na yi ta roƙo har ya sa aka sauko da gangar daga rataye. Da ya fara bugawa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗauka a waya, na dawo a guje, ko ruwa ban tsaya sha ba.

Da la'asar na jona wayar da sifikata a ƙofar ɗakin, na ƙure ƙara yadda na saba a filin biki. Baba ya buɗe ido. Hannunsa mai lafiya ya fara lalube gefen tabarma, garma yake nema. Ya yunƙura, kafaɗa ɗaya ta ɗaga, ɗayar ta ƙi. Bakinsa ya buɗe zai yi kuwwa, sai yawu. Ni ga ni nan ina murna, ina ƙwala wa mahaifiyata kira, "Inna, zo ki gani!"

Ya damƙo rigata.

"Kashe."

"Baba, naku ne fa!"

"Na san nawa ne." Hawaye na bin kuncinsa. "Makaɗin ga bai taɓa kirana na ƙi tashi ba."

Na kashe. Kunya da tausayi suka rufe ni, na rasa inda zan sa hannuna. Ya daɗe yana numfashi, bai saki rigar ba.

"In ka koma," ya ce, "ka ce mishi ban ji ba."