Malama Wa-Ya-Faɗa

Mai wa'azin da ya dubi mace a gaban jama'a ya ce mata shanyewar jikin mijinta hukuncin zunubinsu ne, ya yi zalunci, ko da Littafi Mai Tsarki na buɗe a hannunsa. Haka wani ya yi wa wata tela, ya kafa hujja da wata aya, har aka cire ta daga ƙungiyar mawaƙan coci, mata suka daina kai mata ɗinki. Wadda ta tsaya mata ta cancanci jinjina tun tana raye.

Ɗalibai na kiranta Malama Wa-Ya-Faɗa. 'Yan shekarar farko take koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, ajin da manyan malamai ke gudu. Kullum ita ke riga kowa zuwa, ta goge allo da kanta, ta rataya tsohuwar taswirarta, sannan ta hau neman tabaraun da ke saman goshinta. Dokarta ɗaya ce: duk wanda ya jawo aya sai ya faɗi wa ya yi maganar, da wa yake, me kuma ya biyo baya. In ya fara inda-inda, ta ce, "Ɗana, koma sama, ba kora ake yi ba."

Da labarin telar ya iso mata, ba ta yi dogon lallashi ba. Ta ɗauki yadi ta tafi shagon, ta zauna kusa da keken ɗinki, ta sa matar ta karanta littafin da aka ciro ayar, daga farko har ƙarshe. Ashe maganar ɗaya daga cikin abokan da suka je wa wani majinyaci jaje ce, waɗanda Allah da kansa ya tsawata wa a babin ƙarshe.

Telar ta ɗago da hawaye. "Mama, ashe ba Allah ne ya faɗa ba?"

"Ke kika karanta. Ni awon riga ya kawo ni."

Mai wa'azin tsohon ɗalibinta ne. Ta same shi a keɓe, ya ce mata shi ya wuce wannan ajin tuntuni. A gaban majalisar dattawan coci ba ta zage shi ba, roƙonsa kawai ta yi ya karanta babin ƙarshen da ƙarfi. Muryarsa ta riƙa raguwa.

Malama, ke ce mai haƙurin da babu gaggawa a cikinsa. Ke ce kika koya wa mutane tsoron sa wa Allah magana a baki. Ga shi bana za ki yi ritaya, gwiwa ta gaji, babu lambar yabo ko ɗaya a bangonki. Mun gode. Duk mai hawa mumbari ya yi koyi da ke, ya karanta kafin ya yanke wa wani hukunci.

Telar ta koma layinta a ƙungiyar mawaƙa. Shi kuwa mai wa'azin, an dakatar da shi daga wa'azi, an mayar da shi ajin 'yan shekarar farko. Bencin gaba Malama ta ba shi.