Yatsun Mai Ɓarar Jatan Lande

A kasuwar Mahachai ta ƙasar Thailand, wata tsohuwa tana tsaye gaban mai sayar da maganin shuka, rungume da tukunyar wata shukar ado mai suna okid da ta yi yaushi. Yatsunta sun ƙandare, farata sun cinye. Da gani hannun mai ɓarar jatan lande ne.

"Na marigayi maigidana ne," in ji ta. "Tunda ya rasu bai sake fure ba."

"Fesa masa wannan maganin kitosan, Iya. Da ɓawon jatan lande ake yin sa."

Ta yi dariyar takaici. "Abin da na shekara arba'in ina zubarwa!"

Ya ba ta kwalbar feshi. Tana ta matsa kan kwalbar da hannu biyu, ko ɗigo ya ƙi fita. Mai shagon ya miƙo hannu, ta kauce.

"Bari, ɗan nan. A gida wa zai matsa mini?"