Furen Gefen Titi a Hanyar Huangpu

Kano zuwa Guangzhou

Na bar gida kafin kiran assalatu, na isa filin jirgi gari bai waye ba. Ina da ƙaramar masana'antar matsar man angurya a Sharaɗa. Injina ya tsufa, neman sabo ne ya kai ni China. Muka yada zango a Addis Ababa, washegari da rana muka sauka Guangzhou. Jami'in kwastan ya bincika jakata, ya riƙe ƙullin kilishina, ya miƙo mini sauran.

Masaukina a titin Huanshi Lu yake, ɗaki ƙarami amma tsaf. A ƙasan benen akwai gidan abincin Musulmi, na ci taliya da naman sa. Nan tafintana ya same ni, Malam Isuhu, mutumin Maraɗi da ya daɗe a garin.

"Alhaji, gobe sai Huangpu," in ji shi. "Mu fita da wuri, lawban ba ya jiran kowa." Lawban shi ne maigida a bakinsu.

Huangpu

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka ƙarasa da tasi. Hanyar cike take da tireloli masu fitowa daga tashar jiragen ruwa. A kamfanin aka gwada mini injin da wasu baƙaƙen ƙwayoyi, ba su kai gero girma ba. Kanola suke ce musu. Maigidan ya ce daga waje ake shigo da su, an sauya musu ƙwayoyin halitta don kada maganin ciyawa ya kashe su, kuma matsa kawai aka yarda a yi, ban da shuka. Injin ya yi mini, muka daidaita.

A dawowa tayarmu ta yi faci kusa da wani lambu. Direba na canji, sai na ga wata tsohuwa a gefen kwalta tana tuge wasu tsirrai masu rawayan fure tana cusawa a buhu. Abin da ke cikin lambunta ma furensa rawaya ne.

"Malam Isuhu, tambaye ta, me ya sa take cire waɗannan ta bar waɗancan?"

Suka jima suna magana, don harshenta ba irin wanda ya saba ba ne. Ga abin da ya juyo mini. Na cikin lambu ganyen miya ne, coisam, irin da ta gada wurin mahaifinta, ita ke ajiye shi kowace shekara. Na gefen titi kanola ne da ke zubowa daga motoci ya tsira. Dangi ɗaya ne, kuma ƙudan zuma bai san iyaka ba, yana kai garin furen wannan kan wancan. Bara ta fesa maganin ciyawa a tsohuwar fangala, komai ya bushe sai 'yan tsirrai a cikin coisam ɗinta, ganyensu da kaushi. Maƙwabtan da ke zuwa karɓar iri wurinta suka daina.

"An tabbatar barbara ce?"

"Ta ce wani ɗalibi ya ɗebi ganye, bai dawo ba."

"To, tana da sauran tsohon irin?"

Ya tambaye ta, amma wannan amsar ban jira fassararta ba. Ta girgiza kai ta ce, "Meyo." Babu.

Direba ya yi hon. Muka gode mata, ta koma kan aikinta.

Gida

Da na ga an loda injin a kwantena sai na kamo hanya, na iso Kano lafiya ranar Juma'a. Washegari motar angurya ta zo daga Funtuwa kamar kullum, buhuna a yage, baya a buɗe. Akwai ta sabuwar audugar da tsutsa ba ta ci a ciki, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayoyin halitta, kuma hanyar tana ratsa ƙauyukan da har yau ake shuka tsohuwar auduga don kaɗi da saƙa.

Na ce wa direban daga yau a ɗinke buhu, a rufe da tamfol.

"Alhaji, don ɗan abin da ke zubewa? Ai ko tiya bai cika ba."

"Nawa ya zube yau, kuma a gonar wa?"

Ya waiwaya ya dubi titi, ya ce bai sani ba. Ni ma ban sani ba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na aika Sabon Gari a sayo tamfol.