Littafin 'Yar Sarkin Aljanu a Ɗakin Takaba

Mijina ya rasu da damina, gero ya fara fitar da kai. Malamin gona ne a Kabo kafin a rage ma'aikata, daga nan ya koma noma gonar gado a Masanawa. Zazzaɓin kwana shida ya yi. A gidansu na yi takaba, daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

A wata na biyu yayata ta zo daga Gwarzo duba ni. Da za ta tafi sai ta zaro littattafai biyu daga cikin hijabi ta tura ƙarƙashin katifata. Ta ce na haya ne daga wani shago kusa da tasha, kuma in ɓoye su, don tun da aka fara shari'ar Musulunci a jihar masu wa'azi suka sa irinsu a gaba. Takardar ba kauri, ana hango rubutun baya ta gaba. Haka ake buga su a shekarun da komai ya yi tsada.

Labarin 'yar sarkin aljanu ne, wadda fadar ubanta ke ƙarƙashin wani tafki. Ta auri masunci bil'adama, duk da ubanta ya gaya mata mutane ba sa daɗewa. Ranar da mijin zai cika sai ta tare muryarsa a butar azurfa ta toshe. In ta buɗe sai ta ji ya kira sunanta. Amma duk buɗewa ɗaya muryar na raguwa, kuma sai wani a ƙauyen masuntan ya wayi gari bebe.

Tsakanin azahar da la'asar nake karantawa, in Inna ta kishingiɗa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa, har kunyar kaina nake ji. Shi ne abu na farko da ya sa na manta inda nake. Sai dai tun da na fara, in la'asar ta yi nakan ji an jingine keke a bangon zaure, a yi gyaran murya irin ta mijina kafin sallama. In kasa kunne, sallamar ba ta zuwa.

Wata rana na ɗago kai na ga Inna tsaye a bakin ƙofa. Ta tambaya ko littafin addu'a ne. Na kasa yi mata ƙarya, na faɗa mata abin da ke ciki, ina jiran faɗa. Sai ta zauna a gefen tabarma.

"Ke ma kina jin kekensa?" in ji ta.

Na ce ina ji.

"Ni tun ranar sadakar bakwai," ta ce. "Koma farko ki karanta mini."

Inna ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai sauraro irinta ba. Tana tsinkar zogale tana musu da 'yar sarkin. Wani lokaci ta ce azzaluma ce, me mutanen ƙauye suka yi mata. Wata rana kuma, da muka zo inda 'yar sarkin ta rungume butar ta kasa buɗewa, Inna ta ajiye faranti ta ce ita da za a ba ta irin butar nan ba ta san iyakar mutanen da za ta bebantar ba. Ta yi istigfari, ta tashi alwala. Ranar ba mu ci gaba ba.

Littafi na biyu ya ƙare saura buɗewa ɗaya a butar. Muka jira na uku. Da yayata ta dawo sai ta ce mai shagon ya daina hayar littafi, ya koma sayar da kaset ɗin wa'azi da turare, ya ma ce mu riƙe waɗannan. Na fita takaba na koma gidanmu a Kara, littattafan na bar wa Inna, don ta nemi in bari. Duk zuwan da na yi gaishe ta sai ta tambaya ko an samu na ukun, har Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan shekaru na ga littafi na ukun a Kano, cikin tsofaffin littattafai da aka baza a ƙasa. Na saya, na karanta a mota. 'Yar sarkin ta jefa butar a tafki, aka ɗaura mata aure da wani yariman aljanu, aka yi shagali shafi uku. Bebayen ƙauyen ko ambatonsu ba a sake yi ba. Na san da Inna na nan su za ta fara tambaya. Muna shiga Kabo kuka ya ƙwace mini, matar da ke kusa da ni ta tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce eh, ta yi mini ta'aziyya, na amsa.