Ƙullin da Wake ke Bar wa Ƙasa

Ƙamshin harawa sabuwar yanka nake fara ji duk lokacin da na tuna kakata, Iya. A ƙauyenmu kusa da Gagarawa, idan an gama roron wake, akan naɗe harawa a ɗora bisa rumfa saboda awaki. A ƙarƙashin rumfar nan Iya take hura wutar kara bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta muna ɓarar wake, tana ba mu tatsuniya.

Wata shekara aka yi rigima a gidanmu. Kowa a garin tuge wake yake yi har saiwa, don ya fi sauri. Iya kaɗai ke bin gonarta da lauje, tana yanke shi a gindi, ta bar saiwar a ƙasa. Baffa, babban ɗanta, ya zo da wata saiwa a hannu, duk ƙananan ƙuraje a jikinta.

"Iya, dubi nan. Cuta ce. Ko ki bari a tuge a ƙone, ko baɗi ni zan riƙe gonar. Kin tsufa da wannan wahala."

Iya ba ta kama sunan ɗan fari, don haka wuta ta kalla ta ce, "Ku gaya wa mai gemun nan, ranar da aka binne ni ya je ya tuge. Yanzu ku matso, ga wata tatsuniya ta iso."

"Ta shigo mu ji ta!" muka amsa.

Ta ce Wake baƙuwa ce, ta sauka a gidan Ƙasa da damina. Da lokacin tafiya ya yi, ta bai wa mutane 'ya'yanta, ta bai wa dabbobi ganyenta. Sai ta ga ba ta bar wa uwar masaukinta komai ba, ta ɗaura 'yan ƙulle-ƙulle a ƙafafunta, ta ce wa manomi, "Waɗannan na Ƙasa ne, kada ka taɓa." Manomi mai haɗama ya tone, ya kwance, bai ga komai ba, ya watsa su a wuta. Da damina ta dawo ya shuka gero, Ƙasa ta kame bakinta.

"Sai me, Iya?" na tambaya.

"Sai yunwa, 'yar boko. Tatsuniya ta ƙare a kan mai gemu."

Muka fashe da dariya. Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita. Washegari da sassafe na hango ta a gona, a sunkuye, ita da laujenta. Kwana huɗu ta yi tana yanka ita kaɗai, ta ƙi yarda kowa ya sa mata hannu. Baffa bai sake tayar da maganar gonar ba, kuma geronta na shekarar da ta biyo baya ya fi na maƙwabta duhun ganye. Aka ce sa'a ce.

Ni ma haka na ɗauka, ina ganin taurin kai ne irin na tsofaffi, wanda nake so ba tare da na fahimta ba. Sai bayan rasuwarta, ina jami'a, malamarmu ta ɗaga saiwar wake a gaban aji. Ta ce a cikin ƙurajen nan akwai ƙananan halittu da ke tara abinci daga iska, su bar wa ƙasa. Abin da Baffa ya kira cuta, taki ne.