Baba Haladu na Ɗankaza, Wanda Bai Yarda da Madubina Ba

Da safiyar Juma'a, 20 ga Yuni, 2025, cunkoson kasuwa ya tsayar da ni a kan gadar Wudil, sai wayata ta yi ƙara. Saifuddeen ne, babban ɗanka. Ya ce, "Malama, Allah ya yi wa Baba rasuwa jiya bayan la'asar, har an kai shi makwancinsa." Ya ce ka dawo daga gona ka ce ƙirjinka ya riƙe, ka kishingiɗa a zaure, kafin a samo abin hawa rai ya yi halinsa. Na sauka daga babur ɗin da nake kai na dafa ƙarfen gada.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Deborah Gambo, 'yar Billiri ce ni, ina koyarwa a jami'a a nan Wudil. Cikin darussan da nake ɗauka akwai gabatarwa ga ilimin falaki, wato nazarin rana da wata da taurari da abin da ke bayansu. Wannan darasi ne ya haɗa ni da kai, Baba Haladu, kuma ba da daɗi muka fara ba.

A kakar 2021 na gaji da nuna wa ɗalibai hotuna a allo. Sashenmu yana da madubin hangen taurari guda ɗaya, amma fitilun makaranta da na gari suna dishe sama. Direbanmu ya ce ya san wata masussuka a Ɗankaza, fili fetal, babu fitila ko ɗaya. Mun gaida mai unguwa, ya ce mu je. Abin da bai gaya mana ba shi ne masussukar a gefen gonarka take, kuma babu wanda ya sanar da kai.

Mun kafa madubin a kan ƙafafunsa uku ana fitowa daga sallar magariba. Sai ga ka da tocila da sanda. Ka yi sallama, ka gaishe mu yadda ya kamata, har da tambayar gajiya da mutanen gida. Sai da ka gama gaisuwa tsaf ka ce, "To, Malama, wa ya ba ku izinin auna gonata?"

Na ce ba gona muka zo aunawa ba, sama muka zo kallo. Ka haska fuskata, ka haska madubin, ka ce, "Haka waɗancan ma suka ce ba gona suka zo aunawa ba."

Daga baya na ji labarin. Shekarun baya wasu mutane sun zo gonar mahaifinka ta bakin titi da wani abu mai ƙafa uku, suka ce hanyar ruwa suke dubawa, har ka kai musu fura. Shekara na zagayowa ka tarar da katanga. Ka yi ta zirga-zirga har ƙafarka ta gaji, gonar ba ta dawo ba. Tun daga nan duk abin da ya tsaya a kan ƙafa uku ya zama abokin gabarka.

A daren da ka same mu a masussukar na roƙe ka ka sa ido ka gani da kanka. Na saita maka Zuhal, duniyar nan da zobe ya kewaye. Ka duba, ka ɗago, ka sake dubawa, ka ce hoto aka liƙa a ciki. Ka cire hularka ka rufe bakin madubin, ka sa wani ɗalibi ya duba, ya ce duhu kawai yake gani. Ka janye hular, abin ya dawo. Duk da haka ba ka gamsu ba. Kana cikin kallo Zuhal ya sulale ya fice daga gani, ka ce, "Ya gudu." Na ce ai duniyarmu ce take juyawa, Baba. Ka buga sandarka a ƙasa ka ce, "Ni dai ga ni tsaye a kanta, ban ji ta motsa ba." Amma ba ka kore mu ba. Sharaɗi ɗaya ka kafa: duk ranar da za mu zo, kana wurin, kuma bakin madubin ba zai taɓa kallon ƙasa ko gidajen mutane ba.

Haka ka zama mai gadinmu, ba don ka tsare mu ba, sai don ka tsare garinku daga gare mu. Kana zaune a kan buzunka kana jin duk abin da nake faɗa. Na san abin da kake saurare. Kana so ka ji ko mace Kirista da ta kwaso 'ya'yan mutane zuwa bayan gari za ta ɓige da wa'azi. In an kira isha'i kai kake tada ɗalibai Musulmi su yi salla, ka ce wa sauran su zauna a tabarma kada sanyin ƙasa ya kama su.

Akwai ranar da wani mutum mai suna Ƙasimu ya same ni a ofis da kaza a hannu. Ya ce ragonsa ya ɓata, an ce masa ina da ilimin taurari, in duba masa wanda ya ɗauka. Na ce masa ni ba duba nake yi ba, taurari ba su san ragonsa ba, ya je wurin mai unguwa, ya tafi da kazarsa. Sai bayan wata biyu ka gaya mini, ko kunya babu, cewa kai ka aiko shi, kazar ma taka ce. Ka ce, "Da kin karɓa, da ba ki sake taka Ɗankaza ba." Raina ya ɓaci a lokacin. Ka ce ai wanda bai gwada zurfin ruwa da sanda ba shi ke nutsewa.

Duk da haka, kafin mu iso ka riga ka share filin, ka tsince ƙaya, ka ɗaga duwatsu ka duba ko akwai kunama. Matarka Inna Uwa tana aiko mana da dafaffiyar gyaɗa, wani lokaci da rogo da ƙuli. In na yi godiya sai ka ce ba alheri ba ne, gudun magana ne, kada wani abu ya ciji ɗan mutane a ce a gonar Haladu ne. In mun tashi sai ka raka 'yan matan har bakin mota, ka leƙa fuskar direba ka tabbata shi ne wanda ya kawo mu.

Babbar gardamarmu a kan Andiromeda ce. Na nuna maka wani ɗan fari-fari kamar hayaƙi a arewa maso gabas, na ce wannan ba tauraro ɗaya ba ne, gungu ne na taurari da ba su lissaftuwa, irin wanda ranarmu take cikinsa, kuma hasken da ya shigo idonka ya fi shekara miliyan biyu yana tafe. Sai ka ce, "Wa ya riƙe agogon?" Ɗalibai suka yi dariya, ni ban yi ba, domin tambaya ce ta gaske. Na yi maka bayanin taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, da yadda masana suke gane nisa da su. Ka saurara har ƙarshe, ka ce za ka yi bincike. Ka kai maganar wurin liman, ya ce maka mulkin Allah ya fi haka faɗi. Ka dawo ka ce faɗin ka yarda da shi, lissafin ne har yanzu da sauran magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a kakar 2022. An wayi gari aka ga turakun siminti a kusurwoyin gonaki uku, har da ta wani mutum Maikano, wanda iyalinsa ba su da abin dogaro sai wannan gona. Babu wanda ya ga masu kafawa. Kafin azahar magana ta gama gari cewa matar jami'ar nan ce ta sa aka kafa su, dama kallon taurarin yaudara ce, gonaki take aunawa a ɓoye. Wasu suka ƙara da cewa har da kai aka haɗa baki. Ni ban ji komai ba, na kwaso ɗalibai kamar kullum, yawancinsu mata.

Ba mu gama kafa madubin ba muka ga fitilu suna tahowa ta cikin karan dawa. Mutane ne da yawa, da sanduna, wasu da lauje, Maikano a gaba. Motarmu tana can bakin hanya, sun riga sun shiga tsakaninmu da ita. Wata ɗaliba ta riƙe hannuna. Wani ya kai wa madubin duka, ƙafa ɗaya ta karye, ya kife. Da ya sake ɗaga sanda sai ka sa kafaɗarka, dukan ya sauka a kanka. Ba ka faɗi ba. Ka juya ka fuskance su, ka kira Maikano da sunansa.

Ka ce, "Maikano, a garin nan akwai wanda ya kai ni zargin matar nan?"

Ya ce, "Baba, turaku ne a gonata. Me zan ci da yara in ta tafi?"

Ka ce, "Na san zafin, an yi mini kafin a yi maka. Amma kaka biyu ke nan ina zaune a kanta. Ba ta taɓa zuwa ba na nan ba, bakin abin nan bai taɓa kallon ƙasa ba. Na gwada ta ta hanyar da ita ma ba ta sani ba. Da na kama ta, ni zan fara kiran ku. Wanda ya gan ta da idonsa tana kafa turke ya fito ya faɗa a gabana."

Babu wanda ya fito. Wani daga baya ya ce an saye ka. Ka ce in an saye ka ya zo ya nuna abin da aka saye ka da shi, ga gidanka can ko ƙofar kirki babu. Sannan ka ce wa ɗalibaina su bi bayanka, ka ratsa tsakiyar mutanen nan da hannu ɗaya a sake, har ka sa mu a mota. Washegari a gaban mai unguwa ka maimaita maganarka ba ragi ba ƙari. Aka tumɓuke turakun, aka kai ƙara inda ya dace, kuma har yau gonar Maikano tana hannunsa. Kafaɗarka kuwa ba ta koma daidai ba. Daga wannan shekara ba ka sake ɗaga buhu da hannun hagu ba.

Har yau ba a san wanda ya kafa turakun ba. Na tambaye ka ko akwai wanda kake zato, ka ce akwai, har mutum biyu, ɗaya a garinku, ɗaya a cikin waɗanda nake zuwa da su. Na matsa maka ka faɗi suna, ka ƙi. Ka ce ba ka gani da idonka ba, kuma zato in ya fita daga baki ya zama wuta a kara. Ka tafi da sunayen nan kabari. Ni kuwa tun daga ranar nake duban fuskokin waɗanda suke shiga motar nan, ina tuna wanda ya cika tambayar direba sunayen masu gonaki, ina kuma tsoron kada in zalunci wanda bai ji ba bai gani ba. Ban iya riƙe zato yadda ka iya ba.

Na so in daina zuwa. Kai ka aiko Saifuddeen da ƙafar madubin, ka sa maƙeri ya ɗaure ta da ƙarfe, ka ce in ban dawo ba mutane za su ce da ma ina da laifi. Muka dawo. Bara da kaka ka duba Zuhal ka ga zoben ya sirance, ka ce, "Malama, hoton naki ya fara koɗewa." Na ce karkata ya yi, gefensa yake nuna mana. Ka yi murmushi ka ce za ka jira ka ga ko zai dawo. Allah bai nufa ba.

Na je gaisuwa ranar sadakar uku. A ƙofar gida na tarar da wani mutum cikin shadda mai tsada yana yi wa Saifuddeen ta'aziyya da kuka-kuka, daga nan ya gangaro kan tambayar ko magada suna da niyyar rabuwa da gonar gefen masussuka. Na tambayi na kusa da ni, babu wanda ya san shi. Saifuddeen, ga amanar mahaifinka nan, ka buɗe ido.

Na shiga cikin gida wurin Inna Uwa. Ta kama hannuna ta zaunar da ni a kan tabarmarta, muka yi kuka tare. Da ta share ido ta ce, "'Yata, shekara huɗu ina dafa muku gyaɗa ban taɓa ganin abin da kuke kallo ba. Kullum yana cewa sai ya gama tabbatarwa zai kai ni. In na fita takaba ki kawo madubin nan tsakar gida, in ga abin da ya hana shi cin tuwo da zafi." Na yi mata alkawari. Lokacin damina ta ɗauke, sama ta washe.

Baba Haladu, addininmu ba ɗaya ba ne, amma a gaban Allah ɗaya nake shaidar cewa ban ga ka yi wa kowa ƙazafi ba, kuma ka tare wa baƙuwa duka da jikinka. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata da ta ɗalibaina ga Inna Uwa, da Saifuddeen, da 'yarka Radiyya da ƙannenta, da jikoki, da dukan mutanen Ɗankaza. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare muku abin da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.