Kurɓin Ruwan Bintu

A Arlit aka haife ni, a unguwar bukkoki, inda ba a ce wa yaro ya wanke ƙafa sai an leƙa tano, gangar ruwanmu, an ga inda ruwa ya tsaya. Babana lebura ne a ma'adinin uraniyom, amma ba cikin waɗanda aka ɗauka dindindin ba, don haka ba mu samu gida a unguwar ma'aikata mai famfo a tsakar gida ba. Da yamma in muka hau tudun bayan gidanmu muna hango itatuwansu kore shar, ana shayar da su da tiyo. Mu kuwa Inna ce ke sammako da bido biyu, jarkokin nan na roba, ta bi layi a famfon unguwa, ran da famfo ya yi fushi kuma sai a jira 'yan garuwa. Na tashi da haushin itatuwan nan, har yau ban huce ba.

Kakata, mahaifiyar Baba, Iya muke ce mata. Mutuniyar Damagaram ce. Ta zo jegon haihuwata, ta ga ɗanta ba shi da mai ja masa kunne a wannan gari na dutse da rairayi, sai ta yi zamanta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara, kuma ba ta taɓa yarda na yi abu daidai ba. "Takwara, suna kawai kika ɗauka, kyan kika bar mini," in ji ta. Ni kuma in ce mata haƙoran da suka rage a bakinta ba su isa tauna dabino ba. Ta kai mini duka da mafici, na goce, a yi dariya.

Lokacin sanyi, da an ci tuwo bayan magariba, Iya kan jawo kaskon wuta bakin ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta, ni da ƙannena da yaran maƙwabta, kowa ya cusa hannu cikin riga. Tana da wata ƙa'ida da ban taɓa gani a gidan kowa ba. Kafin ta buɗe baki sai ta ɗebo ruwa a moɗa, ta zagaya da ita, kowane yaro ya yi kurɓi ɗaya. Ta ce busasshen maƙogwaro ba ya amsa waƙa. Inna ta tsani moɗar nan, don ita ta san wuyan da ya ɗauko ruwan, amma suruka ba abar musu ba ce, sai dai ta yi tsaki a madafa. In kowa ya haɗiye, Iya ta ce, "Na ɗauko kaya daga nesa, wa zai sauke ni?" Mu haɗa baki, "Mu ne, Iya, sauke nan!" Sannan tatsuniya ta fara.

Haka muke har shekarar da yaƙi ya ɓarke a Libiya. Gwaggo Hawa, ƙanwar Baba, can take zaune da mijinta magini da 'ya'yansu biyu, Bintu da ƙaramin ƙanenta Sani. Mijin ya fita wata safiya bai dawo ba. Gwaggo ta danƙa yaran ga wata maƙwabciya da za ta biyo mota ta Aljeriya, ta ce ita za ta tsaya nemansa, za ta biyo baya. Ba ta biyo ba, har gobe. Matar ta iso gidanmu ta hanyar Asamaka da Bintu kaɗai. Ta ce zazzaɓi ya kama Sani a hanya, sun binne shi a rairayi. Ta sha ruwa, ta yi addu'a, ta wuce Tawa.

Bintu ta ɗan girme ni. Baƙa ce, siririya, leɓunanta duk sun tsattsage. Ba ta kuka, ba ta faɗa, aikin da aka sa ta ta yi. Sai dai akwai abu ɗaya. In aka ba ta ruwa takan sha, amma kurɓin ƙarshe ba ta haɗiye shi. Haka za ta wuni da kumatu a kumbure, ana yi mata magana tana gyaɗa kai. Da dare in moɗa ta zagayo, ta kurɓa ta riƙe. Iya ta ce wa zai sauke ta, mu duka mu amsa, ban da Bintu. Yaran unguwa suka sa mata suna Kwaɗo, kuma sunan ya bi ta har famfo.

Rigima ta tashi ran da Inna ta ɗaga tabarmar Bintu za ta share. Ta tarar da kwalabe da gwangwanaye jere a jikin bango, kowanne da ruwa, wani har ya yi kore ya soma wari. A gidan da ake wanke kwano a tara ruwan a ba akuya, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Na ji Inna tana ce wa Baba, "Malam, ni ke kwana a layi, ita tana ɓoye ruwa yana ruɓewa. Yarinyar nan ta kwaso iskokin daji. Dangin ubanta suna can Tanut, su ma su taɓa nasu." Baba ya yarda da ita, amma yana tsoron uwarsa. Iya kuwa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Abin da ya rage mini na Hawa ke nan. Ran da za ta bar gidan nan, sai dai ku haɗa da ni."

Daga nan gida ya rabu biyu, kowa ya san maganar da ke ƙasa: Bintu za ta zauna ko za a kai ta Tanut. Iya ba ta iya rarrashi ba, abin da ta iya shi ne tatsuniya, da ita ta yi niyyar cin wannan shari'a. Ta zaɓi daren da Baba ba shi da aiki, yana zaune a tabarma da shayinsa, Inna kuma tana tsince shinkafa kusa da fitila. Ta zagaya da moɗa, ta ɗaga murya fiye da kullum don manya su ji.

Ta ce wasu 'yan'uwa biyu ne suka gaji rijiya ɗaya daga ubansu. Suka yi faɗa a kanta, gari ya rabu, kowa ya bi nasa. Wanda aka ci da yaƙi, kafin ya gudu, ya cika rijiyar da duwatsu don kada ɗan'uwansa ya sha. Mutane suka watse. Aka bar wata yarinya da ƙanenta ƙarƙashin ƙaya, ƙishirwa ta kwantar da shi. Yarinya ta yi ta tafiya har ta kai wani idon ruwa a gindin dutse, inda wata tsohuwar hankaka ke gadi. Hankaka ta ce, "Sha iya cikinki, amma ƙwarya ba ta barin nan da ruwa." Sai yarinya ta cika bakinta ta juya.

"To, takwara, buɗe kunne," in ji Iya, "nan ne inda ke za ki faɗi, mai bakin aku." Kura ta tare yarinya ta gaishe ta, ba ta amsa ba. Fatake suka ce ta faɗi sunanta su ɗora ta a raƙumi, ta wuce. Rana ta sauko dab da kanta tana zaginta da zagin iyayenta, ba ta rama ba. Waƙar tatsuniyar ma da baki rufe ake yinta, Iya ta yi gunji a hanci, muka amsa mata muna dariya. Har yarinya ta iso, ta durƙusa, ta zuba ruwan a bakin ƙanenta. Ya buɗe ido. Ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa, nan take ruwa ya ɓullo, mutane suka dawo suka kafa sabon gari. "Waɗanda suka ce mata kurma, waɗanda suka ce mata mahaukaciya, duk a hannunta suka sha," in ji Iya, tana kallon wajen da Inna take. Ina jin ba don Inna kaɗai ta yi ba. Ta so ta tayar da jikanta Sani ne, ko da a tatsuniya.

Kafin ta rufe, sai muka ji ƙwat. Bintu ce ta haɗiye. Tunda ta zo ban taɓa jin ta yi magana a gaban kaskon nan ba.

"Ba haka ake yi ba, Iya," ta ce. "Ba ya kaiwa."

Iya ta ce, "Me ne ne ba ya kaiwa, 'yar nan?"

"Ruwan. Mota biyu muka taso, tamu ta mutu. Ruwa yana wurin ɗaya motar, can nesa. Yaron mota yana ba kowa a murfin bido, ka sha a gabansa, murfin ba ya barin hannunsa. Sani ya sha nasa da safe ya amayar. Yana ƙarƙashin mota yana kirana. Sai na karɓi nawa na riƙe masa." Ta yi maganar ne tana kallon garwashi. "Ina tafiya, ƙasa da zafi. Ban haɗiye ba, Iya, wallahi ban haɗiye ba. Shi ya wuce da kansa. Na koma, mutumin ya ce na sha nawa. Da na zo wurin Sani ya buɗe mini baki, ba komai a nawa."

Shayin Baba ya tafasa ya zube a wuta. Inna ce ta fara kuka, ta ajiye faifan shinkafa ta rungume Bintu tana cewa, "Wayyo 'yata, wayyo 'yata." Iya ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta bar tatsuniyar a buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, Bintu ta zauna ke nan. Yarinta ce. Tausayin Inna ya kwana, ya wuni, amma bai rage tsawon layin famfo ba, kwalabe kuma ba su daina taruwa ƙarƙashin tabarma ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Iya. Da aka ce mata zazzaɓi ne, ta ɗauka, ta ce kwana ya ƙare. Yanzu ta san jikanta ya mutu da baki a buɗe yana jira. Ba ta ga laifin Bintu ba, na rantse da wannan, amma kallon kumatun nan ya gagare ta. In Bintu ta shigo ɗaki, Iya ta juya ga bango da carbinta. Da aikin Baba ya tsaya sai ya ɗauko zancen Tanut da kansa, ya jira tsawa. Iya ta ce, "Ka yi yadda ka gani." Ita ke nan, wadda ta ce sai dai a haɗa da ita.

Ran tafiya aka ba Bintu ruwa a ƙofar gida, kamar yadda ake yi wa matafiyi. Ta sha, ta riƙe na ƙarshe. Iya ta dafa kanta ta sa mata albarka, idonta a ƙasa. Na ce, "Bintu, sai wata rana." Ta dube ni, kumatunta a cike, ta bi bayan Baba zuwa tasha. Wata maƙwabciya ta ce, "Ji butulci, ko sallama babu."

Iya ta ci gaba da tatsuniya bayan wani lokaci, amma ta daina zagayawa da moɗa, mu ma ba mu tambaya ba. Ta rasu kafin a rufe ma'adinin Akokan da ke gefen garinmu. Bintu an ce tana ƙauye wajen Tanut da 'ya'yanta, an ce tana hira kamar kowa. Ban tambayi mai ba ni labarin yadda take shan ruwa ba.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan. Da ina yarinya na ɗauka darasinta shi ne mai juriya yana kaiwa. Yanzu da na haifi nawa na gane muguntar da ke ciki, wadda Iya ba ta nufa ba: in mai juriya ne ke kaiwa, to wanda bai kai ba an ce masa bai jure ba ke nan. An ɗora wa yarinya abin da manya suka lalata, masu yaƙi da masu murfin bido da mu da muka ƙirga mata kurɓi, sannan aka ba ta labarin wata da ta fi ta. Kuma duk tsawon zamanta a gidanmu, mun zage ta, mun yi mata addu'a, mun yi mata tatsuniya, amma ba wanda ya taɓa tambayarta wa take kai wa.

Har yanzu ina Arlit, har yanzu ina bin layi. Har yanzu kuma ana zubar da mutane a bakin iyakar Aljeriya, su tako zuwa Asamaka, wasu su ɓullo garinmu da yara. Kwanan baya wata ƙaramar yarinya ta tsaya a ƙofata, ƙafafunta fari fat, ba ta jin Hausa sosai. Na miƙa mata moɗa. Ta sha, ta sha, sai ta tsaya da kumatu a cike, ta waiga bayanta. 'Yata ta fara dariya, na daka mata tsawa. Ban ce wa yarinyar ta haɗiye ba. Na sake cika moɗar, na sa takalmina, na kama hannunta.

"Ina yake?" na ce. "Mu je mu kai masa."